Kibiya, Kwarashi ko Kaba: Wane Faifan Kofi ne Zai Ciyar da Kyanwoyin Unguwa?

A Afrilun bara, lokacin da zafin Gombe ke hana mutum barcin rana da na dare, wata kyanwa ta zo ta haihu a bayan buhunan gawayin da ke zauren gidanmu a Pantami. Ba tamu ba ce, kuma duk layin babu wanda ya ce tasa ce. 'Ya'ya huɗu ta zuba. Da aka yi mako biyu ukun sun buɗe ido suna rarrafe, na huɗun kuwa idonsa ya liƙe da ƙwantsa mai kauri. Na naɗe shi a tsumma na hau Keke Napep zuwa asibitin dabbobi, aka wanke masa idon, aka ba ni maganin ɗigawa, na biya da kuɗin cefane. Ranar miyar kuka muka sha babu ko ƙashi. Maigida bai ce uffan ba, amma kallon da ya yi wa kwanon ya ishe ni jawabi.

Ƙanwata da ke karatu a jami'ar jiha ce ta kawo shawara. Ta miƙo min wayarta ta ce, "Adda, dubi abin da matan Ingila da Amurka ke yi. Ɗan abin ɗora kofi suke saƙawa su sayar, kuɗin ya tafi gidan dabbobin da ba su da masu su." Su can abin ya daɗe da kafuwa. Tun 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, wadda yanzu ake kira RSPCA. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea, ya kuma fara karɓar kyanwoyi a 1883. A 1866 Henry Bergh ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin Niyok. Da gudummawar jama'a irin waɗannan gidaje ke rayuwa, shi ya sa ake yi musu 'yan ƙananan sana'o'in hannu ana sayarwa. Mu a unguwarmu babu wani gida mai allo a ƙofa da aka keɓe wa dabbobi. Namu gidan dabbobin shi ne zauren tsohuwar da ke ajiye musu ƙanzo da kan kifi, da bayan teburin mai shayi, da gefen rumfar mahauci. Dalilin yin aikin kuwa ba sai mun ara ba. Duk wadda ta zauna a Islamiyya ta ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare.

Muka haɗu mu shida, 'yan adashi ɗaya, muka ce a gwada. Biyu sun iya saƙar kibiya tun makarantar kwana, uku sun iya kwarashi, ɗaya ba ta iya komai ba sai ciniki, kuma daga baya ta fi mu duka amfani. Kusan shekara guda muna gwada hanya uku: kibiya, kwarashi, da ɗinkin kaba irin na iyayenmu. Mai shirin fara irin wannan aiki a Gombe, Bauchi, Azare ko Kumo, ga abin da muka gani, ko kya huta da asarar zaren da muka yi.

Darasin farko daga Goggo muka same shi, ƙanwar babanmu, wadda ba ta ɓoye wa kowa ra'ayinta. Na kai mata kunun gyaɗa a kofi, na ɗora shi a kan na farkon da na saƙa da kibiya, ina jiran yabo. Ta ɗaga kofin, ta zare abin, ta juya shi gaba da baya, ta kifa shi a bakin kofin. Tsakiyarsa ya lotsa ya sha kunu.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "gindin kofi ne ke neman kariya ko bakinsa? Wannan wane irin faifai ne da ba ya rufe komai?"

Daga ranar sunan faifan kofi ya bi abin, kuma daga ranar muka gane kasuwarmu. Bature yana sa shi a ƙasa ne don kada zufar kofi ko zafinsa ya bar zobe a kan teburin katako. Mu a nan da yawanmu a kan tabarma ko tayil muke ajiye kofi, abin da ke damunmu ƙudan lokacin mangwaro ne da ƙurar hunturu. Kusan duk macen da muka miƙa wa faifan, kafin ta tambayi kuɗinsa sai ta ɗora shi a bakin kofi ko jug ta ga ko zai zauna. Saboda haka duk hanyar da za ki zaɓa, fara aunata da wannan tambaya: abin da zai fito yana da taurin da zai zama mazauni ya kuma zama marfi? Wanda ya yi aiki biyu shi ke sayar da kansa.

A wannan awo, kibiya ce ta zo ƙarshe, kuma ni da na fi son ta ban ji daɗin faɗin haka ba. Saƙar kibiya taushi gare ta da miƙewa, don haka ta dace da safa da rigar sanyi da hular jariri. Ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi ma: mafi tsufan saƙar kibiya da aka tono a duniya daga Masar ta fito, safar ƙafa ta auduga mai adon fari da shuɗi, tun wajen ƙarni na 11 zuwa na 13. Yin faifan kofi da ita ba wuya. Da zare mai matsakaicin kauri da kibiya mai milimita 4, ki ɗora ido 20, wato madauki 20 a kan kibiya, ki yi ta saƙar gaba zalla kowane layi har layi 40, sai ki rufe. Zai ba ki murabba'i mai kusan santimita 10 kowane gefe, ya kwanta lafiya lau. Kuskuren da kowace sabuwa ke yi shi ne saƙa layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, irin saƙar jikin rigar sanyi mai santsi. Wannan nannaɗewa take yi kamar tabarma, ko kin danne ta da dutsen guga za ta koma. In kina son ado, ki riƙa yin ido ɗaya gaba ido ɗaya baya kina sauya su kowane layi, zai fito da ƙwaya-ƙwaya kamar gero kuma ba ya nannaɗewa.

Alherin kibiya biyu ne. Ba ta cin zare, kuma ba ta gajiyar da wuyan hannu kamar kwarashi, don hannu biyu ke raba aikin. Kayan aikin ma ba dole sai na kanti ba, ɗaya daga cikinmu da tsinken tsire guda biyu da ta goge ta koya wa 'yarta. Illarta kuma ita ce jinkiri, da cewa ido 20 ne a buɗe lokaci guda: yaro ya fizge kibiyar kina sallah, ki dawo ki tarar ido uku sun sulluɓe sun gangara ƙasa kamar tsani. Zagayayyen faifai da kibiya kuwa aikin ƙwararru ne, galibi da kibiya huɗu ko biyar masu tsini biyu, alhali mutanenmu zagayayye suka sani a matsayin faifai. Mai kusurwa huɗu sai a ce miki hankici ne ko tsumman goge tebur.

Kwarashi a nan ya yi mana rana. Sunan daga Faransanci ya samo asali, ma'anarsa 'yar ƙugiya, kuma sana'ar ba ta kai kibiya tsufa ba, a farkon shekarun 1800 ta bazu a Turai. Tana da tarihin ceton mabuƙata ma: lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan, daga 1845 zuwa 1852, an riƙa koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi don su sayar su sayi abinci. Ƙugiya ɗaya ce, ido ɗaya ne a buɗe. Kina iya jefa aikin a jaka, ki ci gaba a layin asibiti ko a gidan suna, in ƙugiyar ta fita ki mayar ba abin da ya lalace. Kuma daga tsakiya ake farawa ana zagayawa, daidai yadda ake ɗinkin faifan gargajiya, shi ya sa ido ke karɓarsa nan take.

Lissafin zagayen shi ne duk sirrin, kuma nan ne muka fi yin ɓarna kafin mu gane. In da dogon ido kike yi, wanda ake naɗa zare a ƙugiya kafin a soka, ki fara da 12 a zobe, zagaye na biyu 24, na uku 36, sai ki bi bakin da gajeren ido, wanda ake soka ƙugiya ba tare da an fara naɗa zare ba. Ya gama, cikin minti 20 zuwa 25 in hannu ya saba. In da gajeren ido ne, ki fara da 6, kowane zagaye ki ƙara 6: 12, 18, 24, 30, har zagaye bakwai ko takwas. Ƙarin ya yi kaɗan, faifan ya kumbura ya zama hular jariri. Ƙarin ya yi yawa, bakinsa ya yi tattara kamar gefen siket. In kuma kullum a wuri ɗaya kike ƙarin, sai ki ga ya fito da kusurwa shida maimakon da'ira, don haka ki riƙa gusar da wurin kowane zagaye. Ina da wata leda cike da hulunan da babu jaririn da kansa zai shiga, duk na watan farko ne.

Tsakanin dogon ido da gajere, ga bambancin da ya shafi aljihu. Dogon ido ya fi sauri kuma ya fi kyau a hoto, amma yana da ramuka, taurinsa kaɗan ne, ƙaramar tururuwa ma tana bi ta ciki. Gajeren ido ya fi ɗaukar lokaci, sai dai yana fitowa a cushe. Wanda ya ci jarrabawar Goggo shi ne gajeren ido da ƙugiya ƙarama, milimita 3 ko 3.5, a matse hannu sosai. Daga baya wata cikinmu ta zo da dabarar da ta fi duka: ta kwantar da siririyar igiyar auduga tana saƙa gajeren ido a kanta tana zagayawa, igiyar ta zama ƙashin faifan kamar yadda ciyawa take a cikin na kaba. Wannan ko a bakin jug kika ɗora shi ba ya lotsawa, kuma ana wanke shi. Kada ki dogara da sitaci. Yana sa faifai ya tsaya ƙyam a wurin sayarwa, amma tururin shayi na farko zai mayar da shi laushi, wadda ta saya kuma ba za ta sake dawowa ba.

Kwarashi ma yana da nasa haraji. Yana cin zare fiye da kibiya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Matsattsen gajeren ido da zaren auduga, wanda ba ya miƙewa ko kaɗan, yana sa babban yatsa da wuyan hannu ciwo. Bayan uku ko huɗu a zama ɗaya gara ki ajiye ki miƙe yatsu. Wani abu kuma da ya taimaki 'yar cinikinmu wajen tsayar da farashi: injin saƙar kibiya tun 1589 William Lee ya ƙirƙiro shi a Ingila, amma har yau babu injin da ke kwaikwayon kwarashi sak. In ta ce wa mai saye "wannan hannu ne ya yi shi ido bayan ido," gaskiya ta faɗa.

Zare kuwa, a ganina, ya fi zaɓen kibiya ko ƙugiya muhimmanci. Abin da za ki fi samu a Babbar Kasuwar Gombe, ko a Wunti da Muda Lawal in a Bauchi kike, shi ne wanda muke kira ulu. Sunan kawai ne ulu, yawancinsa zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, bai taɓa ganin tunkiya ba. Yana da araha, launinsa na ɗaukar ido, ba ya zuba. Ana yawan cewa kofin shayi zai narkar da shi, wannan ƙari ne. Kofi ba ya narkar da shi, amma butar shayi ko tukunyar da aka sauke daga wuta za ta ƙona shi ya manne. Babban aibinsa wani ne: ba ya shan ruwa. Ɗora masa kofin zoɓo mai ƙanƙara, zufar kofin za ta bi ta ramukan ta kwanta a teburin gilashi, kofin ya riƙa zamewa. Auduga tana tsotse ruwan, tana jure zafi, tana jure wanki da sabulu, kuma ta fi ulu tauri in an matse ta. Sai dai ta fi tsada, tana ɗan tsukewa a wankin farko, ja da shuɗi mai duhu kuma wani lokaci suna zuba.

Kafin ki sayi da yawa, yanki ɗan tsawon yatsa ki kusantar da shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri, da wari mai hawa kai. Ulun tumaki na gaske warin gashin da ya ƙone yake yi, kamar babbakar kan rago. Mun taɓa sayen dunƙule shida da mai shagon ya rantse auduga ce, ashana ɗaya ta ƙaryata shi bayan mun riga mun iso gida. Jan zare kuma ki jiƙa guntunsa a ruwan ɗumi cikin farin kofi ki ga ko zai rina ruwan. Game da launi, farin faifai yana da kyau kwana ɗaya ne kawai. Zoɓo da shayi da manja ba sa yi masa afuwa. Ruwan ƙasa, ruwan toka, kore mai duhu da shuɗi sun fi rufa asiri.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a Gombe ne muke neman zaren auduga muna wahala. Garin da auduga ta gina, wanda har yau akwai unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin Turawan Manchesta masu sayen auduga da gurzarta, wanda aka kafa a 1902. Iyayenmu mata da mazari suka tashi. In kina da tsohuwa a ƙauye da har yanzu take kaɗi, ki roƙe ta abawa. Tana da laushin murɗi, tana iya tsinkewa in kin ja da ƙarfi, kaurinta kuma ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, amma in aka haɗa biyu aka saƙa, faifan da take bayarwa babu kamarsa wajen shan ruwa. Wanke ta ki shanya kafin ki fara, don ta gama tsukewarta tun ba a saƙa ba.

Mun gwada tsofaffin rigunan auduga na gwanjo, a yanka su siri-siri kamar santimita 2 a ja su su nannaɗe. Kusan kyauta ne, zagaye biyu ya isa, amma yana fitowa da tudu da kwari, ƙaramin kofi sai ya karkace. Ya fi dacewa da mazaunin tukunya ko fulas. Leda ma ana yanka ta a saƙa, kuma akwai lada a tsince ta daga titi, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbin akuya da saniya. Amma ba ta shan ruwa, zafi kuma na narkar da ita. Ki bar ta wa jaka da tabarmar ƙofa.

Saura kaba. In marfi ake magana, faifan kaba ba shi da abokin takara, shekara aru-aru yana wannan aiki a kan ƙwaryar nono da kwanon tuwo. Kayansa a gida suke: ciyawa a ciki, kabar goruba a naɗe ta, basilla a huda, galura a yi ado. Zafi ba ya damunsa. Baƙi daga Abuja ko Legas, da masu neman tsaraba, shi suke fara ɗauka kafin su kalli na zare. Amma ruwa abokin gabarsa ne: zufar kofi mai sanyi tana sa galurar ta zuba, in ya kwana da danshi a damina sai fumfuna, kuma ba a jiƙa shi a wanke, sai dai a goge. Ƙarami ma ya fi babba wuyar ɗinki, domin zagayen tsakiya shi ne mai wahalar, faifan kofi kuwa kusan dukansa tsakiya ne. Goggo ta zaunar da ni kwana uku tana koya min. Na huda yatsa sau biyu, abin da na fitar ya yi kama da kunnen jaki. Ta karɓa ta duba ta ce, "Koma wa ƙugiyarki, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Shawarata ke nan ga kowa: in ba ki tashi da ɗinkin kaba ba, kada ki koye shi don wannan aiki. Ki ba tsofaffin da suka iya kwangila, ki biya su kuɗinsu ba tare da ƙwaƙwar ragi ba, ki ɗora 'yar riba. Ribar ba ta kai ta na zare ba, amma gida biyu take shiga.

Ga lissafin da ya raba mana gardama. Mun auna a sikelin girki: da zarenmu, faifan kibiya yana cin kusan giram 10, na kwarashi kusan 13. Ke nan dunƙule mai giram 100 yana ba mu goma da kibiya, bakwai da kwarashi. Ta fuskar lokaci kuwa abin ya juye: na kibiya kusan awa guda, na kwarashi da dogon ido ƙasa da rabin awa, matsattsen mai igiya kamar minti 40. To, me ya fi yi miki ƙaranci, kuɗin zare ko lokaci? Tsohuwar da ta aurar da 'ya'ya, tana zaune da carbi da rediyo, kibiya ta fi mata, zarenta zai yi auki. Mai goyo da girki da aikin ofis kuwa, awa ita ce tsadar.

Lokacin ya fi nuna kansa a oda ta biki, kuma a nan kuɗin yake. Sayar da ɗaya-ɗaya wahala ce, mutum ya taya ki kuɗin alewa. Jeri na shida a ɗaure da ɗan ƙyalle yana shiga kayan ɗakin amarya, ma'aikatan ofis kuma suna sayen huɗu-huɗu. Amma uwar amaryar da ta gaji da rabon robobi da kofuna, ta ce a yi mata ɗari na rabon biki, ita ce ke cika asusu. Ɗari da kwarashi mai sauri kusan awa 42 ne, mu shida kowa awa bakwai, mako guda ke nan in ana awa ɗaya a rana. Da kibiya sai mun ninka haka har da ɗori. Matsalar aikin taro ita ce hannu ba ya zama ɗaya, wata ta matse wata ta sake, sai jeri ya fito kamar 'ya'yan kishiyoyi. Maganinsa, a yanka kwali zagayayye mai faɗin santimita 10 a ba kowa, duk wanda bai hau kwalin daidai ba a warware.

Wata magana da ba ta cikin ciniki amma dole in faɗa, tunda aikin don kyanwa ake yi. Hoton kyanwa tana wasa da dunƙulen zare yana da ban sha'awa, amma zare yana kashe ta. Harshenta yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, in zare ya shiga bakinta ba ta iya tofarwa, sai haɗiya, ya je ya tattare mata hanji ya yanka. In kin ga zare na leƙowa daga bakinta ko bayanta, kada ki ja, kai ta wurin likitan dabbobi. Guntayen zare a tara su a gwangwani mai murfi. Kuma kada a ba kyanwa farasitamol ko da ɓari ne, guba ne a jikinta.

Tun kafin ki sayi zaren farko ki yanke inda ribar za ta, don tambayar da mai saye zai fara yi ke nan, kuma yana da gaskiya. Kada ki ce gidan dabbobi in babu gidan. Mu mun rubuta a 'yar takardar da muke liƙawa cewa ribar ta magani da allurar kyanwoyi da karnukan unguwa ce, muna cire uwar kuɗin zare, sauran ya shiga asusu, a rubuta a littafi mai shaida biyu. Wasu suna jin kalmar kare sai su yamutsa fuska. Amsar da 'yar cinikinmu ke ba su ita ce ta kare lafiyar yara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwarsa. Allurar ba daga nesa take ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana haɗa ta. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, lokaci mai kyau na kai faifai ofisoshi. In kuma a yankinku jakuna suka fi buƙata, masu ɗiban yashi da akumari ya ci musu baya, maganin miki da kwatarniyar ruwa a bazara ba su da tsada. Jakin ma yanzu abin tattali ne, tunda cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin ya rage shi har Tarayyar Afirka ta hana yanka shi don fata a Fabrairun 2024.

In ke sabuwa ce ba ki iya ko ɗaya ba, sayi ƙugiya mai milimita 3.5 da dunƙulen auduga ɗaya mai duhun launi, ki koyi gajeren ido, cikin mako guda za ki fitar da abin sayarwa. In hannunki ya riga ya saba da kibiya kuma kwarashi na sa miki ciwo, zauna a kan kibiyarki, amma ki haɗa zare biyu ki matse, ki nemi masu teburin gilashi a ofis waɗanda mazauni kawai suke so. In ulu kaɗai aljihunki ya kai, yi da shi, sai dai ki gaya wa mai saye gaskiya cewa na shayi ne da rufe kofi, ba na abin sanyi ba. Kaba kuma ki saya wurin masu ita.

Mu dai yanzu biyar a kwarashi muke, har da ni da na yi ta gardama, ta shidan tana yawo da samfuri a jaka. Ɗan kyanwar nan ya warke da ido ɗaya da rabi, ya zama ƙaton muzuru, ya kori ɓerayen zauren har maigida ya fara ajiye masa kan kifi da hannunsa. Asabar mai zuwa za mu kai faifai sittin wani gidan biki a Tudun Wada. Saura goma sha ɗaya, shuɗin zaren ya ƙare, mai shagon kuma ya ce sai motar Kano ta iso.